Na-Karanta da Muryar Inna

A ofishinsu ba mai kiransa da sunansa na gaskiya. Na-Karanta suke ce masa, tun daga manaja har mai gadi, domin ba a taɓa hira da shi ta ƙare bai gyara zaman gilashinsa ya ce ai ya karanta kaza ba. Abin da ya karanta ɗin kuwa bai taɓa zama labarin alheri ba. In ka sayi sabuwar waya ka nuna masa, ya karanta cewa irinta tana sauraren mutane. In ka ce masa an yi maka haihuwa, zai yi maka barka da zuciya ɗaya, kafin ka rufe baki ya haɗa ka da Allah kada ka sa hoton jaririn a intanet. Mutumin kirki ne, wannan kam ba a ja, amma zama da shi sai mai ƙarfin hali.

Aikin kamfaninsu gadi ne, sai dai ba na ƙofa ba. Kwamfutocin asibitoci da ƙananan bankuna suke tsarewa daga masu kutse. Ɗakin aikin yana can saman bene, ba taga ko ɗaya, na'urar sanyaya ɗaki tana huci ba hutu, har ma'aikata kan zo da rigar sanyi ko da gari na tafasa a waje. Manyan allunan kwamfuta sun cika bango, rubutu yana ta gudu a kansu, kowa ya zuba ido yana jiran inda zai koma ja.

Bayan wannan gadi na kowa da kowa, Na-Karanta yana da wani aiki nasa shi kaɗai, wanda ba wanda ya ɗora masa. Duk farkon mako yakan aika wa abokan aiki abin da ya kamata su karanta: wani abu kan sabuwar fasaha, wani kan kasuwanci, wani kan halin da duniya ke ciki. Da farko sun yi ta gunaguni, wai ina ruwan mai tsaron kwamfuta da labarin kasuwa. Shi kuwa ya ce musu ɓarawon intanet ma yana karanta jarida. In wani kamfani zai sayi wani, ɓarawo zai aiko da saƙo da sunan sabon shugaba. In an yi ambaliya, zai zo da kokon barar taimako. Mai gadin da bai san abin da gari ke ciki ba, ƙofa kawai yake dafawa. A hankali har ma'aikatan wasu kamfanoni suka fara roƙo a riƙa tura musu karatun mako, manaja kuma ya shiga alfahari da shi a gaban baƙi.

Abin da ba su sani ba shi ne, kafin ya zaɓo musu waɗannan 'yan kaɗan sai ya karance tuli guda. Su suna samun abin da aka tace, shi yana kwana da dusar a cikinsa. Mai tankaɗe ai shi ke shaƙar gari.

Tsoron ma ba a ofis ya samo shi ba, gado ne. Mahaifinsa mai yanka makulli ne a bakin kasuwa, kuma maganarsa kullum ita ce ba kwaɗon da ba shi da mai buɗe shi. Ya rasu Na-Karanta yana sakandare, ƙanwarsa Auta ko yaye ba a yi mata ba. Inna ce ta riƙe su da injin markaɗe a ƙofar gida. Shekarun da ta yi tana magana injin yana ruri su suka ba ta wata murya mai kauri, wadda in ta kira yaro daga wannan layi sai yaran layin baya su amsa. Ba ta iya karatu ba, amma takan sayo tsofaffin jaridu wajen masu ƙunshe kaya, ta shimfiɗe su, ta goge maiƙon da hannu, ta zaunar da shi ya karanta mata. Babana take ce masa. Ko labarin bara ne, haka za ta saurara tana gyaɗa kai tana cewa Allah ya kyauta.

Da ya girma ya yi aure, gidansa ya zama wani ƙaramin ofis. Ya liƙe idon kowace kwamfuta da salatif. Ya goge hotunan iyali kaf daga wayarsa. Kalmar sirrin intanet ɗin gidan tsawonta ya sa baƙi kan haƙura su ce a bar shi kawai. Matarsa malamar makaranta ce mai barkwanci, takan ce saura tukunyar miya ce bai sa wa kalmar sirri ba, ita ma don bai karanta komai a kanta ba ne tukuna.

Inna tana zaune da Auta a ɗaya gefen birnin. Ita ma doka ta kai mata. Da aka saya mata waya ta gano saƙon murya, sai ta samu abin yi: kullum ta danna ta yi masa dogon bayani, daga ciwon gwiwa har rigimar maƙwabta, ta rufe da addu'a. Ranar da ya karanta cewa ana iya ɗaukar muryar mutum a koya wa na'ura ta yi magana kamar shi, a ranar ya hana ta. Ya ce shi zai riƙa kiranta da kansa. Yana kira kuwa, ba a ce ba ya kira ba, amma a tsaye, yana kallon allo: an tashi lafiya, ya jiki, akwai abin da ake bukata, to sai anjima. Sannan ya kafa mata wata dokar, ya yi ta nanatawa har ta zauna mata daram: duk wanda ya zo ya ce ɗanki ne ya aiko shi, ko ya san sunan kowa a gidan, kada ki bi shi.

Zuwa kuwa ya yi wuya. Auta ta sha gaya masa cewa Inna ta fara mantuwa. Ta sa takalminta a firij. Ta tambayi ko mahaifinsu ya dawo daga kasuwa. Kun san abin da bawan Allahn nan ya yi? Ya nemo wata maƙala mai kyau kan mantuwar tsufa ya tura wa Auta, ya ce ta karanta, zai shigo ƙarshen mako. Ƙarshen mako ya zo ya wuce, wani ya bi bayansa, shi yana can yana gadin asibitocin mutane.

A ofishin akwai wani da ake kira Ɓarawon Gida. Shi albashinsa na sata ne: kamfani ke biyansa ya riƙa ɗana wa ma'aikata tarko, saƙon ƙarya ko kiran ƙarya, don a ga wanda zai faɗa tun ɓarayin gaske ba su zo ba. Duk wanda ya faɗa tarkonsa, shi zai sayi shayin ofis na makon. Ya kama manaja da saƙon ƙarin girma. Ya kama akanta da hoton wata mota. Na-Karanta ne kaɗai bai taɓa shiga hannu ba, kuma duk tsoronsa, wannan abu yana fasa masa kai. Makon da ya sa rahoton satar murya a karatun mako, Ɓarawon Gida ya leƙo ta saman allonsa yana murmushin mugunta, ya yi masa godiya, ya ce ya ba shi shawara kyauta.

Ana cikin wannan mako, da hantsi, wata baƙuwar lamba ta kira shi. Bai ɗauka ba, don ba ya ɗaukar baƙuwar lamba. Ta sake kira, ta kuma sakewa. Ya dubi inda Ɓarawon Gida ke zama, ya ga kujerar ba kowa. Sai ya yi murmushi ya ɗauka.

Ƙarar motoci ya fara ji, da wani kwandasta yana kiran fasinja. Sannan murya.

“Babana? Kai ne? Na fito, na rasa hanyar gida.”

Muryar Inna ce sak, har da yadda take jan sunan. Amma siririya ce, tana rawa, kamar ta yarinyar da aka tsawata wa. Inna kuwa tunda yake bai taɓa jin ta yi magana a hankali ba. A ransa ya ce a nan na'urar ta gaza. Har yaba aikin ya yi, ya ce lallai yaron nan ya ƙware, ji yadda ya haɗa da ƙarar tasha. Ya bi abin da shi da kansa ya koya wa mutane: ka yi tambayar da mai muryar ne kaɗai zai iya amsawa. Akwai tabo a ƙaurinsa, inda bel ɗin injin ya tsinke ya zabge shi yana yaro, Inna ta goya shi da gudu har asibiti. Labarin da ta fi son bayarwa ke nan a duniya. Ya tambaye ta me ya same shi a ƙafa.

Yana jin numfashinta.

“Ƙafa... ban tuna ba, Babana. Ka zo ka ɗauke ni, rana ta yi zafi.”

“Ba ke ba ce,” in ji shi, har da 'yar dariya. “Uwata ba za ta manta wannan ba. A sake shiri.”

Ya kashe wayar ya miƙe yana gyara wuyan riga, ya nufi ɗakin shan shayi don ya yi wa abokin hamayyarsa dariya. Ya same shi zaune da burodi a hannu, bakinsa cike, ba waya ba kwamfuta a kusa da shi. Ya ce masa aiki ya yi kyau amma da saura. Ɓarawon Gida ya haɗiye lomarsa ya tambaye shi wane aiki. Da ya ji bayani sai murmushin ya bar fuskarsa. Ya rantse bai ma fara shirya nasa tarkon ba, kuma ko ya fara, dokar kamfani ta hana a taɓa iyayen mutane, shi ma ai ya sani.

Ya sani kuwa. Shi ya ba da shawarar a kafa dokar.

Ya jingina da bango ya kira wayar Inna. Tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa roƙon Allah ya sa ɓarayi ne suka neme shi ba sai ranar. Wayar ta yi ta ringi, can aka ɗauka, Auta ce, tana kuka. Ta ce wayar tana ƙarƙashin matashi. Ta shiga wanka da safe ta fito ba Inna, ta ɗauka tana maƙwabta, ta zagaye unguwa gida-gida ba wanda ya gan ta. Ta ce ta ji tsoron gaya masa ne kada ya yi faɗa.

Ya kira baƙuwar lambar. Ba a ɗauka ba. Ya yi ta kira har wani mutum ya amsa cikin fushi, iska tana kaɗa maganarsa. Direban bas ne. Ya ce wata tsohuwa ce ta tare shi a tashar da ke ƙarƙashin gada, ta roƙi aron waya, ta karanto lambar daga kanta, ba ko tuntuɓe. Da ta gama ta miƙo masa wayar da hannu biyu, ta yi godiya, ta juya ta shiga mutane. Ya ce ya so ya tsayar da ita, amma motarsa ta cika, fasinja suna zaginsa, yanzu haka ya yi nisa da gari. Sannan ya tambaya ko shi ne ɗan. Da Na-Karanta ya ce shi ne, direban ya ce Allah ya shirye shi, ya kashe.

Ɓarawon Gida bai tsaya neman izinin manaja ba, ya ɗauko makullin babur ɗinsa ya ce ya hau.

Tashar ƙarƙashin gada ba wurin da za a nemi mutum ɗaya ba ne. Hanyoyi sun rabu ta ko'ina, motoci suna shiga suna fita, masu talla suna bin tagogi, ga babban titi da manyan motoci ke wucewa ba sa ko rage gudu. Na-Karanta ya tsaya a tsakiya da katin aiki rataye a wuya, ya tari wani mai sayar da ruwa ya ce ko ya ga wata tsohuwa. Mutumin ya ce tsofaffi ai ba a ƙirga su a nan, sai dai in zai nuna masa hotonta. Ya zaro waya, sai a lokacin ya tuna ba hoton uwarsa ko ɗaya a ciki. Sai da Auta ta turo masa. Da hoton ya buɗe ya daɗe yana kallo. Wuyanta ya zama siriri, idanun sun faɗa, ɗankwalin ya yi wa kan yawa. Bai san ta rame haka ba.

Suka rabu, Ɓarawon Gida ya bi titi da babur, shi ya bi lunguna da ƙafa, Auta da maƙwabta suna tahowa daga can. Duk abin da ya taɓa karantawa ya taso masa a lokaci guda. Ya san abin da zafin rana ke yi wa tsohon da bai sha ruwa ba. Ya san irin mutanen da ke shawagi a tasha suna neman wanda ya ruɗe. Ya san inda ake kai wanda mota ta buge ba shi da takarda a jiki, don kwamfutocin irin wannan wuri shi ke gadinsu. Ko'ina ya hango taro sai ya kutsa yana salati, ya tarar rigimar kwandasta ce ko mai tallan magani. Ya leƙa kwalbati. Ya leƙa bayan shaguna. A kunnensa kuwa ba abin da ke maimaituwa sai 'yar dariyar nan da ya yi kafin ya kashe waya. Tsoro ya sha ji a rayuwarsa, amma duk na allo ne. Wannan shi ne na farko da ya ji shi a ƙafafunsa.

Rana ta karkata, ya shiga wani layi na masu sana'a, walda a nan, faci a can. A ƙarshen layin wani injin markaɗe yana ruri. Ƙafafunsa ne suka kai shi, ba dabara ba. Jikin rumfar injin akwai shagon wata tela, a kan bencin ƙofar shagon kuma ga Inna zaune, takalmi ƙafa ɗaya, kofin ruwa a cinyarta, ta karkata kai tana sauraren injin.

Telar, wata mace mai jiki da tef ɗin awo a wuya, ta ce tun azahar ta ga baiwar Allahn nan tsaye tana gaya wa mai injin bel ɗinsa ya yi sako-sako, ta lura ba daidai take ba, ta zaunar da ita. Ta ce tsohuwar ta yi ta karanto mata wata lamba, amma duk sanda ta ce bari a kira, sai tsohuwar ta riƙe mata hannu ta ce a bari.

Ya durƙusa a gabanta. Ya so ya ce Inna, kuka ya shaƙe shi, abin da ya fito ko shi bai gane muryarsa ba. Ta dube shi: gilashi, furfura a gemu, kati a wuya, gumi ya jiƙa riga. Ta gaishe shi da ladabi kamar yadda ake gaida baƙo. Ya ce shi ne, ɗanta ne, ya zo ya kai ta gida. Ta janye ƙafafunta ƙarƙashin benci, ta matsa jikin telar, ta ce ɗanta ya hana ta bin wanda ba ta sani ba, ko da ya san sunan kowa.

Sannan ta juya wajen telar, ta rage murya kamar mai faɗin abin kunya.

“Na kira shi ɗazu, ya ce ba ni ba ce. Shi kuwa ba ya ƙarya. Tun ɗazu nake ta tunani, to in ba ni ba ce, wace ce?”

Telar ta dube shi, kallon da ya fi zagi. Ya nuna tabon ƙaurinsa, Inna ta ce Allah ya sawwaƙe, ta kawar da kai. Ya kira sunan mahaifinsu, ya kira na Auta, ta ƙara ƙanƙame hannun telar, don abin da aka ce mata mugu zai yi ke nan. Idanunta suka fara neman hanyar gudu, titi kuwa yana nan kusa. Ya ja da baya don kada ta zabura.

Telar ce ta yi tunanin da shi ya kasa. Ta tambaye shi yaushe rabon da ya zo ya zauna da ita. Ya sunkuyar da kai. Ta tambaya ko yana kiranta a waya, ya ce yana kira. Ta karanto masa lambarta, ta ce to ya zagaya bayan shago ya wanke fuska, ya kira ta yadda ya saba.

Ya zagaya. Ya tsaya tsakanin tarin ƙyallaye da wani tsohon keken ɗinki, ya share hanci, ya ja numfashi har ƙirjinsa ya lafa. Ya nemo muryar nan tasa ta ofis, ta mutumin da ke sauri, ya kira. Ta jikin langa-langar shagon yana jin wayar telar tana ƙara, yana jin ana cewa karɓi, Inna, naki ne.

“Inna, an wuni lafiya?”

“Babana.” Ko daƙiƙa ba ta ɗauka ba. Muryar ta buɗe, kaurin nan ya dawo, har ta rufe ƙarar injin. “Ina ka shiga tun ɗazu?”

“Ina nan, Inna. Ɗazu ni na yi kuskure. Ke ce.”

“Ni ce ko?”

“Ke ce, Inna. Wallahi ke ce.”

Ya ji ta sauke ajiyar zuciya, ta gaya wa telar cewa ya ce ita ce. Sannan ta dawo kansa, ta ce akwai wani mutum a nan mai gilashi, yana ta kuka, wai shi ne ɗanta. Ta bi shi ko kada ta bi?

Ya dafa langa-langar, ya rufe ido.

“Ki bi shi, Inna. Ni na aiko shi.”

Da ya zagayo ta riga ta miƙe, telar ta ba ta aron silifa. Ta miƙa masa hannu ya riƙe, hannun ba nauyi ko kaɗan. Suka kama hanyar bakin titi a hankali, inda Ɓarawon Gida ya tsayar da tasi yana jira. Tana tafe tana yi masa sannu da wahala, tana tambayarsa ko tare suke aiki da ɗanta. Ya ce tare suke.

“To kada ka ga laifinsa don bai zo da kansa ba,” in ji ta. “Aiki ne ya yi masa yawa.”

Ya ce to, ya buɗe mata ƙofar motar, ya sa tafin hannunsa a saman kanta kada ta bugu.